Sa Albarka Ba Ya Ɗauke Jinya: Matasan Da Ke Riƙe Da Marasa Lafiya a Damagaram

Shekarun baya ina da wata ɗaliba a ajin ƙarshe na kwaleji, ajin da ake zana BEPC, wato jarrabawar kammala kwaleji, wadda ta mai da darasina na ƙarfe takwas lokacin barcinta. Ba ta da surutu, ba ta da rashin kunya, rubutunta tsaf kamar na inji, amma da na juya ga allo sai ta kifa kai a kan tebur. Na yi faɗa har na gaji. Na tsayar da ita a bayan aji. Wata rana na ce mata, a gaban 'yan ajinsu, in aure take so ta faɗa a sallame ta. Aka yi dariya, ita ba ta ce uffan ba. Da aka tashi, wata ƙawarta ta biyo ni har inda na jingine babur, ta rusuna ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami, ta ce, "Mushe, don Allah ka daina yi mata haka. Innarta ce ɓarin jikinta ya shanye tun damina. Ita ke juya ta da dare."

A watan Fabrairu muke. Wajen wata shida ke nan yarinyar ba ta yi barcin kirki ba, ni kuma ina ta zubar mata da mutunci a kan abin da ban tambaya ba.

Na je gidan da la'asar. Uwar tana kwance a katifa a ƙasa, an shimfiɗa leda a ƙarƙashin zani. Ga baho a gefe, ga buta, ga tsummokara an wanke an shanya a igiya. A jikin bango akwai ledar magani rataye a ƙusa, kusa da ita wata takarda da aka yago daga littafin makaranta, an zana rana, an zana wata, a ƙarƙashin kowane an yi ɗigo-ɗigo. Ɗalibar tawa ce ta zana wa ƙanenta ɗan shekara goma, don ya san ƙwayar da zai ba Inna in ita tana makaranta. Uban ya tafi Libiya shekara ta uku ke nan, yana aiko abin da ya sawwaƙa in hanya ta yi kyau. Ina zaune mata uku suka shigo dubiya. Kowace ta ce, "Ya mai jiki?" Yarinyar ta ce, "Da sauƙi." Wata gwaggonta ta tura dala ɗari ƙarƙashin matashi, ta dafa kanta ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ki masu yi miki." Kafin kiran magariba duk sun watse. Ni ma na bi sahunsu, da tawa addu'ar.

Tun daga ranar nake lura da wannan addu'a. Addu'a ce ta gaskiya, ba ɗan Musulmin da ba ya son ta. Sai dai na ga sau da yawa ita ce ƙofar da mu manya muke bi mu fita. Mun sa albarka, mun sauke nauyi, yarinya 'yar shekara goma sha biyar kuma ta koma ɗaki ta ɗaga mace mai nauyin buhun gero da wani abu. Hatta "sannu da jinya" ba kasafai ake ce wa irin waɗannan yara ba. Ana ce wa matar gida, ana ce wa babban wa da ya biya kuɗin asibiti. Yarinya aikin gida kawai take yi, a ganinmu.

Abin lura, Hausa tana da suna ga yaro mai kula da babba idan a titi yake. Ɗan jagora, kowa ya san shi, yana riƙe da sandar makaho daga ƙofar masallaci zuwa kasuwar Dole. Shi ana ganinsa, ana tausayinsa, wani lokaci har a yi muhawara a rediyo a kan karatunsa. Wadda ke bayan katanga tana wanke kashi da fitsarin mahaifiyarta kuwa ba ta da suna, don haka ba ta shiga lissafin kowa.

Me ya sa jinya ke faɗawa a kan 'yan shekara goma sha uku zuwa sha takwas, alhali muna alfahari da dangi da zumunci? Amsar farko tana cikin yawanmu. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, jihar Damagaram kuma ita ce ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha jama'a, sama da miliyan uku da rabi. Gida yana cike da mutane, amma in ka ƙirga baligai masu ƙarfi a jika waɗanda ke zaune a gidan dare da rana, sai ka ga ba su taka kara sun karya ba. Maza suna bida. Wasu Kano da Legas, wasu Agadas da Libiya, wasu sun bi zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014. A ɓangaren Kance da Matamaye har mata sun shiga hanyar Aljeriya da 'ya'yansu, kuma ba mu manta da mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamada a watan Oktoba na 2013 ba, akasarinsu mata da yara. Duk wanda ya tafi ya bar wani a baya, tsohuwa ko mara lafiya, kuma wanda ya rage a kansa shi ne yaron da ya yi wayo amma bai isa tafiya ba. Yayye mata sun yi aure suna gidajen mazajensu, sai da izini za su zo, su yini su koma. Kishiya, in akwai, wata takan yi abin da ko 'yar'uwa ba za ta yi ba, wata kuma ko sannu sai ta ga dama. Ba a gina tsari a kan sa'a.

Sannan cutar kanta ta sake kama. Jinyar da al'adarmu ta saba da ita gajera ce. Zazzaɓin damina, sanƙarau lokacin zafi, haihuwa mai wuya: dangi su taru, a yi kwana bakwai ko goma ana fama, ko dai a warke ko a yi haƙuri. Zumunci yana iya wannan, yana iya shi da kyau ma. Abin da bai iya ba shi ne ciwon da ba ya kisa yau kuma ba ya tafiya gobe. Hawan jini da ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da ya ci ƙafa ko ido, ciwon ƙoda, farfaɗiya, taɓin hankali, amosanin jini da ke tayar wa ƙane ko ƙanwa duk lokacin sanyi. Makon farko gida ba masaka tsinke. Wata na biyu sai ranar Juma'a. Wata na shida an koma gaisuwa ta waya.

Kuma aikin ba ƙarami ba ne, ko ga wanda ya yi karatunsa. Wanda ba ya iya motsi ana so a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da ɗuwawu da diddige ta mutu ta zama gyambo, gyambon kuma ya fi ciwon farko wuyar sha'ani. In haɗiya ta samu matsala, kunu ma sai an zaunar da shi an ba shi kaɗan-kaɗan, don in ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu wata sabuwar cuta ce. Maganin hawan jini ba a dainawa don an ji sauƙi, amma wa ya zaunar da yarinya ya yi mata wannan bayani? Mai allurar suga yana bukatar a adana ruwan allurar a wuri mai sanyi, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 kuma wuta ke zuwa ta tafi, shi ya sa za ka ga an tusa kwalbar a jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Dole kuma wani ya san cewa in Baba ya fara zufa da karkarwa yana sambatu, mai yiwuwa sugan ne ya faɗi, abu mai zaƙi yake bukata nan take, ba hayaƙi ba. Mai tarin fuka zai sha magani wata shida cur ba fashi, kuma wadda ke kwana da shi a ɗakin da ba taga ita ce ta fi kowa kusa da kamuwa. Duk wannan ilimi ne da ake koyarwa a makarantun kiwon lafiya, mu kuma mun bar 'yan kwaleji su gano shi ta hanyar kuskure.

Kada a manta da ruwa. A wani gari wannan ƙaramar magana ce, a Damagaram kuwa rabin jinya ce. Gari ne da ke zaune a kan dutse, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza, kuma da rani akwai unguwannin da famfo ba ya kawowa sai tsakar dare, in ya kawo. Gidan da ke da majinyaci a kwance yana shan ruwa ninkin na sauran gidaje, saboda wanki ba ya ƙarewa. Ko dai a sayi jarka wurin 'yan ga-ruwa da kuɗin da ya kamata a sayi magani, ko yarinya ta tashi ƙarfe uku ta bi layi. Ɗalibata bin layin take yi.

In an kwantar da mutum a asibiti ma jinya ba ta sauka daga kan iyali. Haka tsarin yake a ƙasar nan da maƙwabtanta: ma'aikata suna ba da magani da allura, amma abinci da wanka da kai bayan gida da sayo abin da aka rubuta duk na mai jinya ne. Shi ya sa harabar kowane asibiti take cike da tabarmi da kuloli. Gwamnati ta yi abin da ta yi ta fuskar kuɗi. Tun 2006 aka ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta ne, daga 1 ga Satumba 2024 kuma aka rage rabin kuɗin ganin likita da gwaji da kwanciya a asibitocin gwamnati. Sauƙi ne, wanda ya taɓa tsayawa gaban mai karɓar kuɗi da aljihu wayam ya san sauƙi ne. Amma ragin bai kai ga ƙwayar da za a saya a farmasi duk wata har ƙarshen rai ba, waɗanda suka yi jinya a watannin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma sun san yadda magani ya yi wuya ya yi tsada. Ko da magani zai zama kyauta gaba ɗaya, hannun da zai ɗaga majinyaci ƙarfe biyun dare ba ya cikin kasafin kuɗin kowace ma'aikata.

Akwai wani abu da ni a matsayina na malami ya fi ci mini rai. Takardar magani da Faransanci ake rubuta ta. Sakamakon gwaji da Faransanci. A gidaje da yawa wanda ya iya karanta su shi ne yaron da ke kwaleji. Saboda haka shi ake turawa farmasi, shi ke shiga wurin likita, shi ake fara gaya wa cewa ƙodar ta lalace ko ƙafar sai an yanke, sannan ya fito ya nemi kalmomin da zai faɗa wa uwarsa da Hausa. Na san yaron da ya riƙe irin wannan labari kwana huɗu a cikinsa, yana cewa "sun ce sai an sake gwaji", don ya rasa ta inda zai fara. Karatun da ya ɗan samu shi ya ja masa jinya, jinyar kuma ita ke cire shi daga karatun. Makin da ya gaza goma bisa ashirin maimaita aji ne, a sake faɗuwa a sallami yaro, takardar sallamar kuma ba ta da gurbin rubuta cewa uwarsa ce ba lafiya.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a fuska. Wai wannan tunanin Turawa ne. Mu a nan yaro yana tashi da aiki, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hidimar iyaye kuma ibada ce da Alƙur'ani ya ambata dab da tauhidi a Suratul Isra'i. Ban musa ko ɗaya ba. Na ma yarda cewa yaran da suka yi jinya sukan fito da hankali da haƙuri da iya riƙe kuɗi fiye da sa'anninsu, kuma da yawansu in ka ce za ka raba su da majinyacin sai sun yi faɗa da kai. Suna son iyayensu, suna alfahari da abin da suke yi. Gaskiya ne kuma a Ingila aka fara ba abin suna, "young carers", wato yara masu jinya, inda Saul Becker da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar bincike a kansa a jami'ar Loughborough a 1992, har a 2014 aka yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi su binciki bukatun irin waɗannan yara. Amma Japan, wadda ba ta gaza mu girmama iyaye ba, da ta tambayi 'yan makarantarta, sakamakon da ta fitar a 2021 ya nuna kusan ɗaya cikin 17 na 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare yana kula da wani a gida. Su da ke da asibitoci da gidajen tsofaffi ke nan. Mu da ba mu ƙirga ba, kada mu ɗauka rashin ƙidaya rashin matsala ne.

Inda na rabu da masu wancan ra'ayi shi ne a kan bambancin taya aiki da gadon aiki. Yarinyar da ke dama wa kakarta kunu tana wanke mata kaya, alhali akwai uwa a gidan da ke yanke shawara, tana taya aiki ne, kuma tarbiyya ce. Wadda ita ce ke yanke shawarar ko a sayi magani ko a sayi gero, ita ke sanin yau za a tafi asibiti ko a jira gobe, in abu ya ɓaci da dare ba ta da babban da za ta tasa, wannan an gadar mata da gida ne tun masu gidan suna raye. Ayar da ta yi umarni da kyautata wa iyaye ba ta ce a tattara umarnin a ɗora wa ƙaramar cikin 'ya'ya ba. Tana kan babban wa da ke Legas, tana kan yaya da ke gidan miji. Haƙƙin zumunci kuma yana kan kawu da baffa da ke unguwa ta gaba.

Nauyin bai faɗa wa maza da mata daidai ba. Kunya ta raba aikin: 'ya mace ke wanke uwa, ɗa namiji ke kama uba. Amma da yake girki da wanki da reno dama a kanta suke, jinya takan zo ta tarar da ita ne ta hau. Namiji shi ake turawa nema. Ya bar aji ya kama kabu-kabu, ko dako a tasha, ko sayar da man fetur a kwalba bakin hanya. A nan ne wasu ke haɗuwa da tramol, ba don shagala ba da farko, don jiki ya ɗauki aikin awa goma sha huɗu. Ita kuma mace akwai wata ƙofar da ake buɗe mata. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, mai kuɗin da ya fara biyan takardar magani ba ya daɗewa bai aiko da goro ba, gidan da ke bin sa godiya kuma ba ya iya cewa a'a. An yi dokar kare karatun 'ya mace a watan Disamba na 2017, amma doka ba ta sayen ƙwayar hawan jini. Abin takaici, auren ma ba ya warware jinyar. Yana sauko da ita ne kan ƙanwa mai bi mata.

Mafi wuya su ne masu jinyar da ba a faɗa. Uwa mai taɓin hankali, uba mai farfaɗiya, ko cutar da ake karɓo maganinta a ɓoye a juye shi cikin wata kwalba. Nan ko 'yan dubiya babu, balle dala ɗari ƙarƙashin matashi. An gaya wa yaro asirin gida ne, in ya fita ba mai auren 'yan gidan. Garin nan ya san wannan hali tun da daɗewa, unguwar Kara-Kara shaida ce, inda aka ware kutare can gefe, kuma har yau da kuturta ke warkewa da magani kyauta sunan unguwar bai daina bin 'ya'yanta da jikokinta ba. Yaron da ya ga haka ba sai an ce masa ya yi shiru ba.

To a cikin wannan hali, wa ke kama musu? Abin da na gani da idona, junansu.

Bayan na san halin da ɗalibata ke ciki sai na fara ganin abin da da ba na gani. Su huɗu ne a ajin, ashe, masu majinyaci a gida, kuma sun san juna sarai ko da yake ba wanda ya haɗa su. A layin famfo suka gane juna, domin mai zuwa ɗibar ruwa ƙarfe uku da ƙamshin sabulun wanki a hannu ba ta ɓoyuwa ga 'yar'uwarta. Ɗaya takan tafi da jarkokin biyu ta kama layi, ɗayar ta samu barcin awa guda. Wadda ta zo makaranta takan ɗauki hoton allo da wayar yayanta ta tura ta WhatsApp, in ba kuɗin intanet ta kwafe darasi sau biyu da hannu. Wadda kakarta ta daɗe a kwance ita ta koya wa ɗalibata yadda ake naɗe zani a ƙarƙashin majinyaci a ja shi da shi, maimakon a rungume shi a ɗaga, bayanta ya daina ciwo. Suna da ɗan adashi na dala ashirin-ashirin, ba na kayan kwalliya ba, na ranar da magani zai yanke. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu iya magana, amma ban taɓa ganin an yi aiki da karin maganar nan kamar yadda yaran nan suka yi ba.

Abin da ya fi duk wannan, a tsakaninsu ne kawai ake iya faɗin abin da ba ya faɗuwa. Ƙawar nan da ta tare ni ta taɓa ce mini, "Mushe, wata rana takan ce ta gaji, har ta ce da ma Allah ya ɗauki ran ɗayansu. Sai ta yi ta kuka wai ta zama 'yar wuta." Na ce, ke me kike ce mata? Ta ce, "Ina ce mata ni ma na taɓa faɗa." Babba da ya ji wannan magana wa'azi zai fara. Alhali duk wanda ya yi doguwar jinya, ko shekararsa hamsin, ya san wannan tunani yana zuwa, kuma gajiya ce ke magana, ba ƙiyayya ba.

Samari ma suna da nasu, a fada. An saba kallon fada a matsayin wurin shan shayi da kashe lokaci, wasu kuma da sun ji an ce matasan Damagaram sai su tuna 'yan palais, wato gungun 'yan daban garin, da faɗace-faɗacensu. Amma a fadar da ke bakin layinmu na ga an zagaya da hula an haɗa kuɗin takardar maganin mahaifin ɗayansu, na ga mai kabu-kabu ya bar wayarsa a kunne da dare don in jikin tsohon ya tashi a kira shi, ba ko dala. Waɗanda suka kai shekara 18 sun je sun ba da jini. Wannan ruhin gayya ne da samariya ta da, ya sake riga kawai.

Ba zan yi wa abin kwalliyar da ba shi da ita ba. Yaro ba ya ba yaro abin da shi ma ba shi da shi. A irin wannan zama ne ake yaɗa cewa ƙwaya kaza ta masu talla a faranti ta fi ta farmasi sauƙi kuma aikinsu ɗaya, ko a ce a daina maganin likita tunda an fara na gargajiya. Wata ta ba ƙawarta ragowar maganin kakarta da ta rasu, da zuciya ɗaya, ba ta san ba ciwo ɗaya ba ne. Sirri yakan fita in an yi faɗa. Kuma huɗun nan duk masu rauni ne: ranar da jikin majinyata biyu ya tashi lokaci guda, tsarin ya rushe. Makaho ne ke jan makaho, sai dai sun fi mu da muke da ido muka kau da kai.

Shi ya sa nake ganin ba sai mun jira wata ƙungiya ta zo daga waje da mota da allon sanarwa ba. Yaran sun riga sun nuna siffar taimakon da ke aiki: karɓa-karɓa, ilimin hannu, ɗan asusu, da kunnen da ba ya yanke hukunci. Abin da ya rage manya su shiga layin. Dangin da ke iya tsara wa zai kawo shinkafa wa zai kawo mai ranar biki, ba za su kasa tsara wa zai kwana ranar Litinin wa zai kwana ranar Alhamis ba, zumunci ai a ƙafa yake. Ma'aikacin lafiya da ya ga yarinya ce ke karɓar takarda zai iya tambaya ko akwai babba, in babu ya ba ta minti biyar ya nuna mata juyi da alamun haɗari, ya haɗa ta da ma'aikacin sa-kai na unguwarsu. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata suna nan a kusan kowace makaranta, sanin yara nawa ne ke jinya a gida ba ya bukatar kasafi. Limamin da ya yi huɗuba goma a kan haƙƙin iyaye zai iya yin ɗaya a kan haƙƙin yaron da ke riƙe da su. Mu malamai kuma namu ya fi sauƙi, ya fi kuma ban kunya: mu tambaya kafin mu hukunta.

Ni abin da na iya yi kaɗan ne. Na mai da ita layin gaba kusa da taga, na daina rubuta mata latti, na je na sami wani kawunta a shagonsa na yi masa magana irin wadda ba a so. Ya ji haushi, ya ce ba a koya masa zumunci. Bayan mako biyu matarsa ta fara zuwa kwana biyu a mako.

Da BEPC ta zo, biyu daga cikin huɗun ne kawai suka kai ga zama ɗakin jarrabawa. Ɗaya an yi mata aure a watan Afrilu, ɗaya ta daina zuwa tun kafin nan. Wadda ta daina zuwan ita ta riƙa zama da Innar ɗalibata duk kwanakin jarrabawar, daga safe har a tashi, ta bar nata majinyacin a hannun ƙanwarta. Ɗalibata ta ci, a zagaye na biyu, sai shiga lise, wato babbar sakandare.

Na je yi mata barka. Uwar tana jingine da bango, bakinta ya ɗan saki, tana ta ƙoƙarin sa mini albarka. Yarinyar ta rako ni zaure, ta tsaya tana murza bakin hijabi. Ta ce, "Mushe, lise ɗin da za a tura ni, ka san ko da nisa? Don in ya wuce tafiyar minti ashirin ba zan iya dawowa lokacin hutun ƙarfe goma in juya ta ba."